Ranar da rufin mota ya ƙi rufuwa

Ina koyon gyaran mota a Maraɗi. Ran nan wani Alhaji ya kawo tsohuwar Mercedes SL, irin wadda aka fara ƙerawa a 1989. Rufinta na tampol ne, famfo ke tura mai ya ɗaga shi. Ga hadari ya taso, rufi kuwa ya tsaya a rabi.

Na duba famfon a bayan motar, mai ya yi ƙasa. Sai na ɗauko man birki.

Maigidana ya riƙe hannuna, ya ce: "Kai yaro! Wannan lalata robobi zai yi. Rufin da nasa mai."

Muka ja rufin da hannu. Ashe wata roba ce zafi ya busar, take yoyo. Tun daga ranar, ba na zuba mai sai na tambaya.