Ciwon da Ba Mu Ba Shi Suna Ba

A Bagudo da garuruwanta, daga Kaoje zuwa Illo da Lolo, mun taso mun tarar da wata magana da ba a yin ta sai an rage murya. Idan mutum ya yi yunƙurin cutar da kansa, ba a faɗin abin da ya faru. Cewa ake yi "an yi masa jifa", ko "iska ta taɓa ta". Gidan kan ja ƙofa, don tsoron kada gobe masu neman auren 'yan gidan su ji labari su janye.

Amma yadda ake kallon mace daban, na namiji daban. Yarinyar da aka yi wa auren dole, ko matar da zaman kishiya ya kai ta maƙura, ba a cika ɗaukar lamarinta da gaske ba. Sai a ce yarinta ce, ko kishi, ko so take a lallashe ta. Gwaggonta za ta ja ta ƙuryar ɗaki, ta miƙa mata ƙwaryar rubutu, ta ce, "Ɗiyata, hanƙuri za ki yi, mu ma haka muka zauna." Kafin mako ya zagayo an mayar da ita ɗakin da ta gudo daga cikinsa.

Namiji kuwa ko wannan lallashin bai samu ba. Tun yana yaro aka koya masa cewa kuka na mata ne. Manomin da ambaliyar Kwara ta cinye wa shinkafa, ko ɗan kasuwar da jarinsa ya karye bashi ya yi masa katutu, sai dai a ga ya daina zuwa majalisa, yana rama, ba ya taɓa tuwon da aka aje masa. Ya yi ƙorafi, a ce masa raggo. Mun sake ganin irin wannan shirun lokacin da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019, harkokin Tsamiya da Segbana suka tsaya cik. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke rasa ransu ta hanyar kashe kai duk shekara, kuma maza sun fi yawa.

Doka ma ba ta taimaka ba. Sashe na 231 na kundin Penal Code ya tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 1 ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Wane uba ne zai kai ɗansa asibiti yana fargabar 'yan sanda? Asibitin ƙwaƙwalwa na Kware kuwa, ga nisa, ga sunan "gidan mahaukata" da jama'a suka laƙaba masa.

Iyayenmu ba mugunta suka yi ba. Rufin asiri suka sani, kuma ba sa barin mai damuwa ya kwana shi kaɗai. Wannan kam abin riƙewa ne. Abin da suka rasa shi ne sanin cewa ciwon damuwa cuta ce mai magani. A Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, Ghana kuma a shekarar ta soke hukunta masu irin wannan yunƙuri. Addininmu ya haramta kashe kai, ya kuma umarce mu da neman magani. Don haka duk wanda ya ce ya gaji da rayuwa, mace ko namiji, a yarda da shi, a zauna da shi, a yi masa addu'a, sannan a kai shi wurin likita.