Tashe A Ƙasar Kazaure Da Taron Mutanen Japan

Yau tafiya za mu yi, sai ko wacce ta ɗauki mayafinta. Za mu fara da nesa, can ƙasar Japan, sa'an nan mu komo gida mu bi ta Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, gama akwai wani abu da ya haɗa mu da mutanen nan wanda da yawa cikinmu ba su lura da shi ba.

Duk wadda ta ke da yara a gida ta san majigin nan na zane da su ke kallo a talabijin ko a wayar hannu, mai mutane masu dara-daran idanu da gashi tsaye kamar ƙaya. Da yawansa daga Japan ya ke zuwa, can kuwa sunansa anime. Wanda ya share masa hanya wani mai zane ne, Osamu Tezuka, wanda ya yi karatun likita amma alƙalami ya fi jan ransa. Cikin 1963 aka fara nuna labarinsa na wani yaron ƙarfe, Astro Boy, ko wane mako a talabijin. Daga nan abin ya yi ta bazuwa har ya iso ɗakunanmu.

To, masu son irin waɗannan labaru suna da taronsu. Babbansu shi ne wanda a ke kira Comiket, a birnin Tokyo. An fara shi cikin watan Disamba 1975, da ƙungiyoyin masu zane 32 da 'yan kallo wajen 700, galibinsu kuwa 'yan mata ne 'yan makaranta kamarku. Ko wace ƙungiya ta kan zana ɗan littafinta, ta buga, ta zo ta baza a tebur ta sayar. Sau biyu a ke yi a shekara. A na Disamba 2019, cikin kwana huɗu, an ƙidaya shigar mutum 750,000. Abin da ya fi jan ido a wurin shi ne shiga. Yarinya ta kan yi wata da watanni tana ɗinki, tana haɗa gashi da takobin kwali, don ta fito sak wata jaruma ta cikin labari, har tafiyarta da maganarta. A birnin Nagoya ma gasar wannan shiga a ke yi tsakanin ƙasashe tun 2005. Nan Nijeriya an fara irin taron a Ikko cikin 2012.

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da wannan? Ai kuwa da ruwanmu, domin mu ma muna da namu, ya kuma girmi nasu nesa ba kusa ba. Sunansa tashe. Ku zo mu je ku gani, gama gani ya kori ji.

In kin tashi daga Kano kin ɗauki hanyar Daura, za ki wuce Ɗambatta, sa'an nan ki isa Kazaure, tafiyar mil 50 ko kusa da haka. Alamar kin iso ita ce duwatsu. Bayan kin daɗe kina ratsa gonaki shimfiɗe, sai ki ga tsaunuka sun taso sun rungume gari. Masu ba da labari sun ce wani maharbi ne ya fara ganin wurin tsakanin duwatsun nan, ya ce kamar zaure, daga nan sunan ya bi gari. Sarautar ƙasar kuwa Ɗan Tunku ya kafa ta wajen 1819, ɗansa Dambo shi ya mai da mazauni Kazaure. Tun 1991 ƙasar tana cikin Jihar Jigawa. Akwai babbar madatsar ruwa a gefen gari, inda masunta da masu lambu su ke samun abinci. Garin karatu ne kuma. Akwai kwalejin fasaha ta Gwamnatin Tarayya mai sunan Sarki Hussaini Adamu, mahaifin Sarki Najib wanda ya hau gadon sarauta cikin 1998, ga kuma kwalejin 'yan mata ta Tarayya.

Amma in don tashe za ki, sai ki daidaita zuwanki da goma ga watan azumi. Kun san yadda mu kan raba watan uku: goman marmari, goman wuya, da goman ɗokin Salla. Tashe na goman tsakiya ne, lokacin da azumi ya fara nauyi, mutane suna bukatar abin da zai sa su dariya. Akwai wani dalili kuma. A waɗannan kwanaki ne farin wata ya ke haskaka gari tun da magariba, har ya cika a daren sha huɗu, sabo da haka yara su kan zaga ko babu fitila. Sunan kansa daga tashi ya fito, watau tashin mutane su yi sahur.

Da an sha ruwa, an yi asham, sai ki ji kiɗan gwangwani daga bakin layi. Ga sallama a zaure. Wanda ya fara shigowa tsoho ne tukuf, da farin gemu har ƙirji, ya duƙa bisa sanda yana rawar jiki. Ki duba da kyau, yaro ne ɗan shekara tara, gemun auduga ce aka manna masa, rigar kuwa tsohuwar ta kakansa ce tana jan ƙasa. Wannan shi ne Tsoho da Gemu. Bayansu ga wani da rawani da allo da carbi, malam ke nan, abokansa suna zarginsa da rawa, shi kuwa yana musu, alhali ƙafarsa ba ta daina motsi ba. Can ga Jatau Mai Magani da tarin sassaƙe da saiwoyi a tsumma, yana ɗaga ko wanne yana faɗin cutar da ya ke warkarwa, har da wadda ba a taɓa ji ba.

Na 'yan mata ya fi natsuwa, ya kuma fi shiga cikin gida. Su kan zo da ƙwarya cike da ruwa, su kifa ƙarama a kai, su riƙa bugawa da 'yan sanduna, sautin yana fita a hankali kamar ganga daga nesa. A wasan Mairama da Daudu, yarinya guda ta kan sa riga da hula ta zama mai gida, ɗaya ta yi lulluɓi ta zama amarya, sauran suna waƙa suna faɗa mata ta kawo ruwa, ta shimfiɗa tabarma, ta gai da shi. Ku matan aure, in kun tsaya kun kalla, za ku ga tafiyarku da hararku da yadda ku ke ajiye kwano, duk an kwashe. Yaro ba ya magana, amma idonsa yana rubutu.

Na manya shi ne tashen gwauro. A kan kama wanda matarsa ta fita bai sake aure ba, a sa masa tsummoki da tarkace, a ɗaura masa igiya a ƙugu, a bi gari da shi da kiɗa yana rawa. A birnin Kano har sarauta gare su, Nalako shi ne sarkin gwagware. Dariya a ke yi, amma cikin dariyar akwai jan kunne ga mai sakin mata ba dalili.

Daga Kazaure sai mu nufi Roni. Ita ma ƙasar duwatsu ce, hanya tana hawa tana sauka, ƙauyuka suna maƙale a gindin tsauni. Gaba kuma ga Gwiwa, a kan iyaka da Jihar Katsina. Dukansu biyu ƙarƙashin Sarkin Kazaure su ke. A irin waɗannan ƙauyuka za ki ga tashe ya fi kama da yadda kakanninmu suka san shi. Ko wane gida an san 'ya'yan wane ne suka shigo, ko da sun shafe fuska da gawayi. Sadakar ma sau da yawa hatsi ce, uwar gida ta ɗebo gero ko dawa ta zuba musu a ƙwarya. In kwanakin sun cika su tara abin da suka samu, su raba, ko su sayar su yi dafa-duka tare. A nan yarinya ta kan fara koyon riƙon amana, domin a kan zaɓi guda a ba ta ajiya, ranar rabo kuwa sai ta kawo lissafi.

Babura tana gabas da Kazaure, ita kuwa ƙasar Sarkin Ringim ce. Nan duwatsu sun ƙare, sai rairayi da gonakin gero da gyaɗa da riɗi, har zuwa iyakar Jamhuriyar Nijar. Iyakar ba ta raba al'ada ba. Hausawan Damagaram da ke ƙetare su ma suna tashe a watan nan, da irin gemun audugar da irin kiɗan gwangwanin.

Yanzu ku auna biyun. Mutanen Japan suna kwaikwayon jaruman da aka zana a littafi, yaranmu suna kwaikwayon mutanen da su ke gani kullum a unguwa. Su suna kashe kuɗi mai yawa wajen yadi da fenti, namu da auduga da gawayi da tsumma sun gama shiri. A nan ba su fi mu ba. Inda suka yi mana nisa shi ne tsari. Taron Tokyo masu aikin sa kai ke kula da shi. Da rana a ke yi, da la'asar a tashi. Akwai ɗakin sauya kaya, ba a yarda mutum ya taho daga gida cikin shigarsa ba, kuma ladabin wurin shi ne kada ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izninsa. Shi ya sa dubban 'yan mata su ke zuwa su koma gida lafiya.

Namu tashen dā tsarinsa idon manya ne. Inda idon ya kau, abin ya kan lalace. Cikin azumin 2025 'yan sandan Jihar Kano sun ba da sanarwar hana tashe, sabo da ɓata-gari suna fakewa da shi suna faɗa da makamai, suna ƙwace wa mutane waya. Wa ya yi asara? Yaron nan mai gemun auduga, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Abin da ya sami birni kuwa yana iya samun ƙaramin gari in an yi sake. Ga kuma wani ciwon da ba ya ƙara. Yarinyar da ta san sunan jarumai goma na Japan, in ba ta taɓa jin kiɗan ƙwarya a ruwa ba, wa zai koya wa 'yarta? Kallon majigin bai zama laifi ba in an zaɓa musu mai kyau, gama ba duka aka yi don yara ba. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Sabo da haka ga 'yar shawarata ga iyaye mata. In azumi ya kai goma, ku buɗe adaka ku fito da tsohon zane da tsohuwar hula ku ba su. Ku zauna ku koya musu waƙoƙin yadda kuka koya. Kada su fita sai cikin ƙungiya, da wata babba a tare da su, kada su wuce unguwa, kuma ku yanka musu lokacin komowa, domin gobe akwai makaranta. Ku hana su wasan da zai ci mutuncin mai lalura ko wata ƙabila. In na maƙwabta sun yi sallama, kada ku kore su, ko ƙwayar dabino ce ku ba su. Ku roƙi masu gida su yi magana da mai unguwa, a sa dattawa biyu uku su zauna a bakin layi har yara su watse.

Ku kuwa 'yan makaranta, ku tuna taron nan na Tokyo 'yan mata irinku suka cika shi ran farko, da littattafan da aka yi da hannu. Ko wacce ta sami littafin rubutu guda, in an yi hutu ta je wurin kakarta, ta rubuta wasannin tashe na garinsu: sunan wasa, kayan da a ke sawa, da waƙar, da abin da a ke nufi da ita. Mai hannun zane ta zana kayan. Na Roni ya kan ɗan bambanta da na Babura, wannan bambancin shi ne abin so. Sa'an nan ku roƙi shugabar makarantarku ta ba ku yamma guda cikin azumi, ko wane aji ya fito da wasansa a filin makaranta, a gayyaci iyaye mata su zo kallo.

Wadda ta rubuta nata, ta aiko mana ta hannun Edita, za mu sa a wannan fili da sunan garinsu. Allah ya raya mana zuriya, ya nuna mana azumi lafiya. Sai mako mai zuwa.