Labarin Sudan da Ɗacin Sunan Baƙo

Duk wanda ya tashi a Kasuwan Magani, kamar yadda na tashi, ya saba jin sunan Sudan daga bakin tsofaffi tun bai san inda gabas ta dosa ba, domin a gidaje da dama na ƙasar Hausa akwai labarin wani kaka da ya ɗauki sanda da buta ya nufi Makka a ƙasa da niyyar sauke farali, ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, sa'an nan labarinsa ya yanke a wani gari na gaɓar kogin Nilu. Da Allah ya ƙaddara mini zama a can don neman ilmi, tun kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojan gwamnati da dakarun Hamidti, na tafi da zaton cewa gidan ’yan’uwa za ni, kuma haƙiƙa na sami ’yan’uwa, amma na sami wani al'amari tare da su wanda ya wajaba in bayyana wa mutanen gida.

Sunan ƙasar kansa abin lura ne, gama Biladus Sudan a harshen malaman Larabawa na da yana nufin ƙasashen baƙaƙen mutane, kuma sun haɗa har da Kano da Katsina da Barno a cikinsa. Babban birninta Khartum yana daidai mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu, Umdurman da Bahri suna fuskantarsa daga ƙetaren ruwa. Ta sami mulkin kai ranar 1 ga Janairu, 1956, kuma bayan yaƙe-yaƙe masu tsawo kudancinta ya ɓalle ranar 9 ga Yuli, 2011.

Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa. Bayan alhazan da guzuri ya ƙare musu a hanya suka tsaya noma da sana'a har zama ya kama su, akwai babbar hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Sa'ad da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, mutanenmu suna cikin waɗanda suka yi shuka da cira da tsinka, alhali akasarinsu ba a ba su gonar kansu ba, sai ƙodago da zama a rugagen leburori da ake kira kambo. Mutanen ƙasar sukan tara Bahaushe da Bafillace da Babarbare duka a ƙarƙashin suna guda, Fallata, ko kuwa Takarir.

Adalci ya sa in fara da alherinsu, domin ban taɓa ganin mutane masu karimci irin na Sudan ba. A watan azumi sukan shimfiɗa tabarmi a bakin titi gab da magariba, su tare motoci, su rantse sai matafiyi ya sauko ya sha ruwa da su, ba su tambayi sunansa ko garinsu ba. Kuma malaman da na yi karatu a gabansu sun riƙe ni riƙon ɗa. Wannan alheri ne ma ya sa ɗaya fuskar ta fi yi mini ciwo, don saran da ya fito daga hannun da ya ciyar da kai ya fi shiga jiki.

Abin da na fara lura da shi shi ne yadda aka jera launin mutane hawa-hawa kamar matakala, kowane da laƙabinsa: wannan ja ne, wannan asmar, wato wankan tarwaɗa, wanda ya fi shi duhu a ce masa kore, wanda ya kai ƙarshen baƙi a ce masa azraƙ, wato shuɗi, sai ka ce kalmar baƙi abin kunya ce da ba a son furtawa. A ƙarƙashin matakalar kuwa akwai kalmar abid, wato bayi, wadda ba a faɗinta a majalisar mutunci, amma takan kuɓuce wa mutum idan rai ya ɓaci. Na ji ta da kunnena wata rana cikin motar haya, lokacin da gardama ta haɗa wani fasinja da yaron mota a kan canji, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun da ya biyo baya, domin cikin mutum wajen ashirin ba wanda ya tsawata, kowa ya mai da idonsa ga taga, yaron kuwa ya ci gaba da ƙirga kuɗinsa hannunsa yana rawa.

Ni ma na ɗanɗana rabona. Na je neman ɗakin haya, mai gidan ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo shayi, muka yi ciniki har muka daidaita, sai ya tambaye ni ƙabilata; da na ce Bahaushe ne, fuskarsa ba ta sake ba, murmushinsa ma bai gushe ba, amma nan take ya tuna cewa ɗan ƙanensa yana bukatar ɗakin. Wani abokin karatuna kuma, haifaffen Gadarif, mahaddacin Alƙur'ani, wanda Larabcinsa ya fi Hausarsa ƙarfi, ya nemi auren wata yarinya da ke sonsa, iyayenta suka yaba addininsa da halinsa, sa'an nan suka ce nasabarsa ba ta yi kufu da tasu ba. Irin wannan wariya ba ta da allo a ƙofa, ba ta da dokar da za ka kai ƙara a kanta, tana cikin ɗagawar gira da jinkirin amsa sallama, kuma wanda ake yi wa ita kaɗai ya san nauyinta.

Wanda ya warware mini asalin lamarin wani dattijo ne mai sayar da tsire a Umdurman, tsiren da duk Sudan ke kira agashe, sunan da ba ya bukatar tafinta ga Bahaushe. Na ce masa, “Baba, shekara nawa kuka yi a nan?” Ya ce, “Ɗana, kakana ne ya zo, ubana a nan aka binne shi, ni ko Sakkwato ban taɓa gani ba, amma har gobe idan na je neman takarda sai an ce in kawo shaidar cewa ni ɗan ƙasa ne.” Maganarsa tana da tushe, gama dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta shardanta cewa kakannin mutum sun zauna a Sudan tun 31 ga Disamba, 1897, wato kafin Turawa su ci rundunar Khalifa, mai mulkin Sudan na lokacin, a Karari a 1898, saboda haka muhajiran Burmi da zuriyarsu suka faɗo a bayan layi. An sassauta sharaɗin daga baya, amma abin da doka ta shuka a zukata bai mutu tare da ita ba. Ga shi kuwa macen da ta fara rera waƙa a gidan rediyon Umdurman a 1942, A'ishatul Fallatiyya, jinin mutanenmu ce, ƙasar duka tana alfahari da muryarta, laƙabin baƙunci kuma yana manne da sunanta.

Ƙaramar wariya ita ke tara itacen babbar wuta. A watan Yuli na 2022, a jihar Shuɗin Nilu, bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, maƙwabtansu kuma suka ce baƙo ba shi da haƙƙin ƙasa, rikici ya tashi a yankunan Rusairis da Damazin, aka kashe fiye da mutum 100, har Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala da Gadarif da Khartum. A watan Oktoba kuma aka sake kashe fiye da 200 a Wad al-Mahi.

Da labarin ya iso ni, garinmu na tuna, domin ranar Alhamis 18 ga Oktoba, 2018, ’yar hatsaniya a cikin kasuwa ta zama fitina tsakanin matasan Adara da na Hausawa, ’yan sanda suka ƙirga gawa 55. Kalmomin da na ji a Sudan na same su a nan da wata riga: wannan ɗan ƙasa ne, wancan baƙo ne, kowa yana neman takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Mu kuma da muke kukan an kira mu baƙi, muna da tamu kalmar, arne, wadda muke jefa wa mutumin da kakanninsa suka sha harin masu kamun bayi daga Zazzau, muna faɗinta cikin sauƙin da wancan fasinja ya faɗi tasa. Tun a 1615 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa cewa baƙar fata ba hujjar bauta ba ce, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira gorin uwa da Abu Zarri ya yi wa wani mutum ragowar jahiliyya. Hujja ba ta yi mana ƙaranci ba, aiki da ita ne ya gagare mu.

Tun da na dawo gida na haramta wa bakina da bakin ’ya’yana wannan kalma. Ranar Alhamis idan na shiga kasuwa sayen citta ko doya wurin dattijuwa ’yar Adara, nakan ce mata Mama, in tsaya in ji amsar gaisuwata har ƙarshe, domin na san yadda shirun motar nan ta Khartum yake a kunnen wanda aka zaga, kuma ba na son ranar hisabi a ƙirga ni cikin waɗanda suka mai da ido ga taga.