Ƙullutun Da Na Ɓoye A Ƙarƙashin Mayafi

 Na daɗe ina son in rubuto wannan labari, amma duk sa'ad da na ɗauki biro sai kunya ta hana ni. Abin da ya sa na daure shi ne wata yarinya da muka shiga mota ɗaya da ita kwanan baya daga Kasuwa. Ga rana ga cunkoso, kowa na fifita, ita kuwa sai jan mayafi take tana ƙara naɗe wuya. Ina ganinta gabana ya faɗi, domin na san irin wannan naɗin. Ni ma na yi shi.

Ni haifaffiyar Kakuri ce. Babanmu ya yi shekara 22 yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun nan kafin su mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma ya fito da tarin ƙurar auduga wanda har ya rasu bai rabu da shi ba. Saboda haka mu 'ya'yan masaƙa gani muke mun san tari ciki da bai. A wurinmu mai tarin fuka shi ne tsohon da ya rame, yana kaki da jini, an ware masa kofi da kwano. Wa zai kawo wa budurwa 'yar shekara 21 wannan zance, alhali ko atishawa ba ta yi?

A watan Janairu na 2015, an riga an kawo kuɗin aurena an sa rana bayan ƙaramar Sallah, ina shafa mai sai na ji wani ɗan ƙullutu a gefen wuyana na dama, bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ba zafi, ba ƙaiƙayi. Umma ta taɓa ta ce kaluluwa ce, za ta baje. Ba ta baje ba. Sai ma wani ya fito kusa da shi, suka haɗe kamar ƙwallon goruba. Da yamma jikina ya yi ɗumi, da dare in jiƙe sharkaf da gumi ko da sanyin hunturu ne, abinci kuwa sai dai in tsakura. Ƙawayena suka ce ramar amarci ce, wai tunanin ango ke cina.

Na je wani kemis a unguwarmu, aka ɗebi jinina aka ce taifot ne, aka ba ni Cipro na kwana 10. Wallahi kuwa na ji sauƙi, zazzaɓin ya tafi. Bayan sati uku ya dawo, na koma, aka sake cewa taifot, aka sake ba ni. Sau uku ana haka. Tsakanin nan kuma kowa da nasa. Wata ta ce hangum, wata ta ce maƙoƙo, wata maƙwabciyarmu ta rage murya ta ce Allah ya sa ba daji ba ne. Gwaggona kuwa ba ta yi wata-wata ba ta ce jifa ne, ai tun da aka ji wanda zan aura idanu suka yi mini yawa. Aka yi hayaƙi, aka yi shafe-shafe, har wani wanzami ya so ya tsaga, Umma ta hana.

Kada ki yi mana dariya, 'yar'uwa. Daga baya na karanta cewa Turawan Ingila da Faransa sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai masu irin wannan ƙullutu gaban sarki don ya shafa da hannunsa, wai shi ne maganin. A Ingila sai bayan mutuwar Sarauniya Anne a 1714 aka daina. Ashe ciwon ya daɗe yana wasa da hankalin mutane.

A watan Afrilu ƙullutun ya yi laushi ya fara tsattsafo da ruwa, yana ɓata mini mayafi. Nan ne Yayana ya ce ya isa haka, ya ɗauke ni a babur sai asibiti. Likitar da muka samu mace ce, ba ta da yawan magana. Ta dudduba, ta tambaye ni gumin dare da rama, sannan ta sa allura ta zuƙo ruwan ta aika ɗakin gwaji. Akwai wani inji da ake kira GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a ƙarshen 2010. Cikin kamar awa biyu yake gane ƙwayar cutar, ya kuma faɗi ko tana jin babban maganinta ko ba ta ji. Da muka koma ta dube ni ta ce, “Tarin fuka ne.”

Na ce, “Likita, ai ni ba na tari.”

Ta ce, “Sunan ne ke ruɗin mutane. Ƙwayar ta fi son huhu, amma ba nan kaɗai take zama ba.”

A ranar na fara jin cewa tana iya kama ƙashin baya har mutum ya yi doro, tana kama ciki ya kumbura, tana kama ƙwaƙwalwar yara, tana ma kama mahaifa da hanyoyin ƙwai ta hana mace haihuwa ana ta zargin kishiya. Cikin kowane mutum 100 da ake samu da cutar a duniya, kimanin 15 ba a huhu take ba, kuma na wuya ya fi yawa ga mata da matasa. Ta kuma gaya mini dalilin da Cipro ke ba ni sauƙi: yana cikin dangin magungunan da ke ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka, sai ya kwantar da ita ba tare da ya kashe ta ba. Ke nan wata uku na yi ina lulluɓe wuta da zane.

Amma ta ce in gode Allah, nawa mai jin magani ne, kuma na wuya ba kasafai ake ɗauka ba. Wata 6 zan yi ina sha kullum da safe kafin in ci komai, wata 2 na farko magani huɗu a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, wata 4 na ƙarshe guda biyu. Ko kwabo ba zan biya ba. Aka ba ni kati, aka rubuta sunan Umma a matsayin mai sa mini ido.

To, a nan ne laifina ya fara, kuma ba zan ɗora wa kowa ba.

Da muka dawo gida Gwaggo ta rufe ƙofa ta ce, “Maganar nan ta mutu a ɗakin nan. In dangin mijin nan suka ji an ce tibi, wallahi sai dai ki ga an aiko karɓar lefe.” Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ina son yaron nan kamar raina. Shekara uku yana zuwa zance daga Barnawa, ko ruwa ake sai ya zo. Na ɓoye katin a ƙasan akwati, na juye ƙwayoyin a robar man shafawa.

Wata biyun farko na sha ba fashi. Fitsarina ya koma ja kamar ruwan lemo, wanda an riga an gaya mini aikin rifamfisin ne, ba abin tsoro ba. Ƙullutun ya baje, ya bar ɗan tabo. Na yi ƙiba, haskena ya dawo, har kowa na cewa amarya ta fara sheƙi. Sai azumi ya kama a tsakiyar Yuni, na samu hujja. Nas ta ce in mayar da shi lokacin sahur, amma yau in sha, gobe in ce na makara. Bayan Sallah aka kawo mai gyaran jiki ta tare a gidanmu, tana kwana a ɗakina, ga dilka ga turare ga tsumi iri-iri. Ina zan fito da robar a gabanta? Sai in yi kwana biyar ban sha ba, tsoro ya kama ni in sha na kwana biyu, in sake bari. Umma in ta tambaya in ce na sha. Ranar kamu na zuba sauran a masai. Nas ta yi ta kiran wayata, na cire layin na sa sabo, na ce wa ango tsofaffin samari ne ke damuna. Har daɗi ya ji.

Wata bakwai na yi a ɗakina lafiya lau. Cikin zafin Maris na 2016 tari ya fara, busasshe. Na sha zuma da lemon tsami, na sha na kwalba. Gumin dare ya dawo. Wata asuba na yi kaki a bayi na ga jini, na zauna a ƙasa na rasa kukan ma. A lokacin ƙanwar maigidana, autarsu 'yar shekara 9, tana zaune wurinmu, tare muke cin abinci, in ya yi tafiya a gadona take kwana.

A daren nan na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, “Ashe kallon da kike mini ke nan, wanda zai gudu don ciwo?” Da safe ya kai mu asibiti mu uku.

Injin nan dai shi ya sake magana, amma a wannan karon ya ce ƙwayar ba ta jin rifamfisin. Aka aika kakina Saye da ke Zariya, inda cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta take da babban ɗakin gwaji na ƙasa. Sakamako ya dawo cewa isoniyazid ma ba ta ji. Manyan magunguna biyun da ake taƙama da su duk sun tashi aiki a jikina.

Likitar nan ba ta zage ni ba. Ta ce in tuna kyankyasan kicin. In kin fesa fiya-fiya sosai kin rufe ƙofa, duk su mutu. In kuwa kullum ɗan kaɗan kike yayyafawa, raunanan su mutu, masu taurin rai su tsira su hayayyafa, wata rana ki fesa su bi ta kai su wuce. Cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke jikin mara lafiya akwai 'yan ƙalilan da dama can wani magani ɗaya ba ya kama su, shi ya sa ake haɗa huɗu, wanda ya kuɓuce wa wannan ya faɗa hannun wancan. Ƙwayar kuma mai nawa ce, takan yi kusan kwana guda kafin ta rabu biyu, wasu ma lafewa suke kamar masu barci, shi ya sa sai an yi wata 6. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a binciken da likitocin Ingila suka buga a 1948, sun ga cewa in aka ba da allurar sitireftomaisin ita kaɗai, cikin 'yan watanni ƙwayar ke daina jin ta. Abin da masana suka gano tun kafin a haifi Babanmu, shi na je na gwada a jikina saboda biki na kwana huɗu.

Maganin wata 6 ya koma na wata 20. Wata 4 na yi a kwance a wata cibiya, amarya guda da takunkumi a baki. Wata 8 ana yi mini allurar kanamaisin, har mazaunaina suka yi tauri na rasa gefen kwanciya. Ƙwayoyi cike da tafin hannu, wata ta sa ni amai, wata ta sa ni baƙin ciki da kuka ba dalili. Cikin wata na shida na fara jin ƙara a kunnena na hagu kamar kukan gyare, kafin a ankara jin ya tafi, kuma bai dawo ba. Aka ce kada in kuskura in ɗauki ciki sai na gama, don magungunan na iya illata jariri.

Wannan na ƙarshe shi ya fi ci mini rai. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ji komai, tun da ba a ɓoye kwanciyar wata 4. Ban taɓa jin ta yi maganar ciwon ba, har kunun gyaɗa take aiko mini. Abin da ya tsaya mata shi ne Auta. Ta zo da kanta ta kwashe kayan yarinyar, a bakin ƙofa ta ce, “Ciwo na Allah ne, 'yar nan. Amma kin san kina da shi kika bar mini yarinya a gadonki.” Ban da amsa, har yau ba ni da ita. An gwada Auta da maigidana ba a samu komai ba, amma shekara biyu ana bibiyarsu, kuma duk ranar da aka ce Auta na mura ba na barci. Dangi kuwa suka yi ta zuga shi ya ƙara aure, shekara biyu ba ko ɓari. Bai yi ba a lokacin. Ba zan ce muku zamanmu ya koma kamar da ba, an ɗauki lokaci kafin in faɗi magana ya yarda ba tare da ya sake tambaya ba.

Na gama a Janairun 2018. A shekarar ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina amfani da allurar nan da ta cinye mini kunne. A 2022 kuma ta amince da wani sabon haɗi na ƙwayoyi huɗu, ba allura, wata 6 kacal, ga masu irin nawa mai taurin kai, a ciki har da bedakwilin, wanda da ya fito a 2012 shi ne sabon maganin tarin fuka na farko cikin shekara 40. Na yi murna da na ji, amma ba zan ɓoye muku ba, sai da na shiga ɗaki na taɓa kunnena na yi hawaye. Na haifi 'yata ta fari a 2019, Hajiya ce ta yi mini wankan jego.

Yarinyar nan ta cikin mota kuwa, da muka haye gada mutane suka ragu, sai na matsa kusa da ita. Na ɗan janye mayafina na nuna mata tabon, ban ce komai ba. Ta dube ni, ta dubi tabon, idonta ya kawo ruwa. Ta ce wata biyu ke nan, an ce taifot ne, kuma tana aji shida, jarrabawa ta matso. Na ce mata ni ba likita ba ce, ƙullutu iri-iri ne, nata yana iya zama wani abu daban, amma ta sa mamanta ta kai ta babban asibiti ta ce a yi mata gwajin tibi ko da ba ta tari. Na yage takarda a jakata na rubuta mata sunan injin.

Mun iso Barnawa ina shirin sauka ta riƙo hannuna ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta gefen hagu take. Na juyo mata da ɗaya kunnen na ce, “Sake faɗi, ƙanwata.”

Ta ce, “Anti, da gaske kyauta ne?”

Na ce da gaske. Kwandasta ya buga mota, suka wuce Sabo da ita.