Kabarin Tafawa Ɓalewa a Idon Manomin Kura

Dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a fadamun Kura da Bunkure, idan ya ziyarci kabarin Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, abin da yake fara ɗaukar hankalinsa shi ne rashin ado, domin ginin da aka soma a 1977 aka buɗe a 1979 ba shi da ƙubba ko zanen bango irin na fadojin sarakuna. An yi shi ne bisa salon ginin zamani, wato salon da ya bunƙasa a ƙarni na 20, wanda magina suke barin siminti da dutse da haske su isar da ma'ana ba tare da kwalliya ba. Mai ziyara yakan bi ta wata doguwar hanya mai duhu, wadda masu kula da wurin suke fassarawa da ƙuncin zamanin mulkin mallaka, sannan haske ya riƙa shigowa kaɗan-kaɗan, har ya fito fili inda kabarin yake, babu rufi a kansa sai sararin sama.

Wannan dabara ta sa ƙafar mutum ta karanta tarihi kafin a ba shi labari ba a Bauchi ta fara ba. A Hiroshima ta ƙasar Japan, inda Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya ranar 6 ga Agusta 1945, mai zanen gine-gine Kenzo Tange ya ci gasar tsara Dandalin Tunawa da Zaman Lafiya a 1949, kuma ya jera gidan tarihin da aka buɗe a 1955 da wata baka ta siminti mai ɗauke da sunayen mamata a kan layi ɗaya, ta yadda duk wanda ya tsaya gaban bakar zai hango kangon ginin da bam ɗin ya bari a tsaye. Tange ne kuma daga baya aka ba aikin tsara tsakiyar birnin Abuja, saboda haka hannunsa ba baƙo ba ne a Nijeriya.

Sai dai dattijon Kura yana duban irin wannan wuri da wani ma'auni na daban, wanda ya gada daga malamansa. A al'adar Musulmin ƙasar Hausa, kabari tulin ƙasa ne da ake sa wa alama da itace ko fasasshiyar tukunya, kuma malamai da yawa ba sa son a yi gini a kansa, don kada girmamawa ta wuce iyaka. Abin da ya sa kabarin Bauchi yake kwanta masa a rai shi ne bai yi nisa da wannan tarbiyya ba: Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan farko na Nijeriya, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairu 1966, yana kwance rana tana dukansa, ruwan damina yana sauka a kansa, kamar kowane talaka, kuma 'yan kayansa da aka ajiye a ɗakin tarihin wurin suna nuna mutumin da bai tara abin duniya ba. Mai ziyara yana yi masa addu'a, ya tuna tasa makomar, wanda shi ne asalin dalilin ziyarar maƙabarta.

Shekaru kuma sun nuna wa manomin wannan yanki cewa akwai abin tunawa da ba a kiransa da wannan suna. Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ba a gina masa dandali a Kura ba, amma madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da magudanan da suke kai ruwanta gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, suna sa ana ambaton sunansa duk lokacin da aka dasa shinkafa ko aka loda kwandunan tumatir a Kwanar Gafan. Wannan ne malamai suke kira sadaka mai gudana, wato aikin alherin da ladansa ba ya yankewa bayan mutuwar mai shi muddin jama'a suna amfana. Waɗanda suka san lokacin da rani yake nufin tafiya cin rani, ba sa buƙatar allon rubutu kafin su gane bambancin.

Gini da magudana duka suna lalacewa idan aka yi sakaci, kuma na biyun ya fi saurin nunawa, domin da zarar yashi da ciyawar kacala sun toshe hanyar ruwa, manomin da gonarsa take ƙarshen layi shi ne yake fara ganin shukarsa ta bushe. Gyaran manyan magudanai yana wuyan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, yasar ƙananan kuwa aikin ƙungiyoyin manoma ne masu shan ruwan. Ya kamata makarantun Kura da Bunkure su riƙa kai ɗalibansu Bauchi su bi ta cikin duhun hanyar kabarin su fito haske, sannan a kai su Tiga su ga inda ruwan gonar iyayensu yake fitowa, tun dattawan da suka ga haƙa magudanan da idonsu suna da rai.