Bodar Jibiya da mai jinya: wa aka gina wa hanyar nan?

1/ Duk bayan wata biyu nakan raka Inna mu kai Kaka asibiti a Katsina. Kaka na zaune a wani ƙauye kusa da Ɗan Issa, ɓangaren Nijar, mu kuma muna Jibiya. Ciwon suga gare ta, ƙafa ta yi rauni.

2/ Ba wata tafiya mai nisa ba ce. Amma ku lissafa: mashin zuwa Ɗan Issa, mota zuwa Magama, jira a boda, sannan wata motar zuwa Katsina. Inna da goyo a baya, hannu ɗaya riƙe da Kaka, ɗayan da kular abinci.

3/ Wallahi hanyar nan don tirela da buhuna aka yi ta. Ba benci, ba inuwar kirki, ba bayin da mace za ta shiga da tsohuwa. Ranar da fitsari ya matsi Kaka, mayafi Inna ta cire ta kare ta a bayan wata mota. Kaka ba ta sake magana ba har muka isa.

4/ Da aka rufe boda a Agustan 2019, sai Afrilun 2022 aka buɗe ta Jibiya. Aka sake rufewa a 2023. Kowa shinkafa da asarar 'yan kasuwa yake lissafi. Wa ya lissafa matan da suka bi ta daji da marasa lafiya?

5/ Ba dole ba ne fa a zauna haka. A Bogota, babban birnin Kolombiya, tun 2020 aka fara buɗe cibiyoyi a unguwanni don masu kula da wasu: wurin wanki, wurin barin yaro ko tsoho, ajin karatu, duk kusa da gida.

6/ Yanzu ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa Jibiya. Kafin a gama tasha, mu tambaya: akwai bayin mata? Famfo? Rumfa? Wurin shayarwa? Hanyar keken marasa lafiya? In an gama zuba siminti, gyara sai Allah.

7/ Yau Inna ce ke riƙe da Kaka. Gobe ni zan riƙe Inna. Jibi kuma wani ne zai riƙe ni.

Kai fa, wa kake kaiwa asibiti, kuma ina kuke zama in kun gaji?