Faifan Baba da Rana Ta Lanƙwasa: Yawon Nemanmu Daga Wurno Zuwa Goronyo



Yau labarin wata amana za mu ba ku, wadda ta lalace a hannunmu, da irin yawon da muka sha wajen neman hanyar biyan ta. Mu uku ne, 'yan ƙungiyar marubuta ɗaya, kuma babu wanda ya kai shekara talatin a cikinmu. Mun buɗe ido lokacin da kaset ke shirin ban kwana, muka girma da CD da memori. Faifan garmaho kuwa a bakin manya kawai muke jin sa.

Asalin abin, ɗaya daga cikinmu ne yake rubuta labarin da ya faru a shekarun 1970. Akwai wurin da samari suka taru a ɗakin abokinsu suna sauraren kiɗa. Da ya karanta mana a zaman bita, sai wani dattijo ya tsayar da shi ya ce, "Tauraron naka ya danna garmaho? Ina ka taɓa ganin an danna garmaho waƙa ta tashi? Allura ake ɗorawa a kan faifai." Aka yi dariya, mu kuwa kunya ta rufe mu, domin dukkanmu mun karanta babin nan kafin zaman, babu wanda ya ga kuskuren. A ranar muka ƙudurta sai mun ga faifai da idonmu, mun ji shi da kunnenmu.

Aka yi mana kwatancen wani tsoho a Wurno, manomin albasa da tafarnuwa, gidansa ba nisa da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a garin a 1837. Bayan doguwar gaisuwa, Baba ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai faya-fayai goma sha ɗaya, naɗe cikin tsohon zane. Na'urar ta daɗe da mutuwa. Da muka ce mun san wani a Sakkwato da tasa ke aiki, sai ya zaro babba guda, na Alhaji Mamman Shata, bugun kamfanin EMI, ya miƙo mana da hannu biyu.

"Ɗiyana, wanga ba na saisuwa ba na. Aro nib ba ku. Ku saurara, ku maido man abina."

Watan Afrilu ne, kun san kuwa yadda ranar Sakkwato take a wannan lokaci. Muka saka faifan cikin baƙar leda, muka ɗaure a bayan babur. A Achida muka tsaya sallar azahar da cin abinci, hira ta yi daɗi, babur na tsaye a rana kusan awa biyu. Da muka isa gida muka kwance leda, sai ga faifai ya yi tudu da kwari kamar busasshiyar fata. Aka ɗora shi a kan na'ura, allura ta riƙa hawa tana faɗowa, muryar Shata na fitowa tana nutsewa. Muka danne shi da manyan littattafai har mako uku, bai miƙe ba.

Daga baya ne muka san abin da ya kamata mu sani tun farko. Faifan garmaho iri biyu ne. Akwai na da, mai juyi 78 a minti, wanda aka yi da wani irin ƙaro. Yana da nauyi, yana fashewa kamar tangaran, kuma kowane gefe bai wuce waƙar minti uku zuwa huɗu ba. Sai na baya, wanda aka yi da roba: babba mai juyi 33, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana ɗaukar wajen minti ashirin a kowane gefe, da kuma ƙarami mai juyi 45 da ya biyo baya a 1949. Na farko faɗuwa ce ajalinsa, na biyu kuwa zafi. Na Baba na roba ne.

Muka yanke shawarar ba za mu koma Wurno ba sai da wani irinsa a hannu. Nan aka fara yawo.

Mun fara da kasuwar Achida. Da muka tambayi inda ake sayar da faifai, wani yaro ya yi mana jagora cikin ladabi har gaban matan da ke sayar da faifan kaba na rufe ƙwarya. Yaron bai yi laifi ba, wannan ne kaɗai faifan da ya sani. Darasin farko ke nan: sai ka ce faifan garmaho, kuma ka tambayi mai furfura.

Mai furfurar da muka tambaya shi ya tura mu Goronyo, ya ce mu nemi tsofaffin masu gyaran rediyo. Kasuwar Goronyo ranar Lahadi take ci. Sai da muka yi shawara da iyayenmu kafin mu tafi, domin har yau mutane ba su manta da harin da aka kai wa kasuwar nan ranar 17 ga Oktoba 2021 ba. Mun je da safe, da niyyar juyowa kafin la'asar. A wata 'yar rumfa muka sami mutumin, da gilashinsa ɗaure da zare. A bayan teburinsa akwai tarin faya-fayai, waɗanda masu kawo gyara suka bari tun shekaru aru-aru ba su dawo ba. Mafi yawa na finafinan Indiya ne, sai kiɗan Kwango, sai ƙananan Ɗan Maraya Jos guda biyu. Babu irin na Baba.

Amma ba mu tashi a banza ba, don shi ya koya mana duba faifai. Ka riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa layukan. Ka karkata shi wajen haske ka ga zane-zanen da ke jikinsa. In ka ga zane, ka bi ta kai a hankali da tsinin yatsa: in ka ji shi, allura ma za ta ji, za ta yi tsalle. Ka ɗaga shi daidai idonka ka ga ko a miƙe yake. Sannan ka karanta takardar da ke tsakiya, domin a nan sunan kamfani da lambar bugu suke, kuma da lambar nan ake gane faifai ko'ina a duniya. Muka sayi Ɗan Maraya ɗaya a hannunsa, muka kama hanya.

Mako na gaba muka nufi Rabah da fata mai yawa. Garin da aka haifi Sardauna ne, kuma a ƙasar Gandi da ke cikin wannan ƙaramar hukuma Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya fito, makaɗin dambe da noma da ya yi wa Shago waƙa. Mun ɗauka ƙasar da ta haifi irin wannan ba za a rasa masu ajiyar kiɗa a cikinta ba. Masu ajiya kam mun same su, ajiyar ce babu. Wani ya ce 'yan gwangwan sun saye na'urarsa a farashin ƙarfe, suka haɗa da faya-fayan a matsayin gyara. Wani ya ce jikokinsa sun mayar da su taya suna garawa a tsakar gida. Wata tsohuwa ta nuna mana ɗaya a bakin randa, murfi ya zama.

Wadda ta fi tsaya mana a rai wata baiwar Allah ce da ta baro ƙauyensu tun hare-haren 2018 a yankin Gandi. Ta ce marigayi mijinta yana da su cike da kwando. Muka yi wautar tambayar ko ta fito da su. Ta dube mu ta ce, "Wanda ag gudu da goyo, shi ka tuna hwaihwai?" Lokacin da aka samu aka leƙa gidan, rufin ɗaki ya rufta, ruwa da gara sun gama aikinsu. Mun saba lissafa abin da rashin tsaro ya ci da rayuka da shanu da gonaki, kuma su ne manya. Amma yana cin wani abu da ba a lissafawa: abin da tsofaffi suka adana don na baya.

Birni ma bai fitar da mu ba. A Sakkwato, shagunan da aka ce da can na kaset ne, yanzu waƙa suke turawa a waya. Abokinmu da ke Kano ya zagaya Sabon Gari da wurin masu kayan da a Kasuwar Kurmi, ya samo guda uku, babu na Hausa ko ɗaya. Abin da ciwo, domin a Kano ɗin nan kamfanin Tabansi ya fara a shekarun 1950, kafin ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin faifai na Najeriya. Wanda ke da hanyar Legas yana iya leƙa Jazzhole a titin Awolowo da ke Ikoyi, inda ake sayar da littattafai da faya-fayai. Mu dai aljihunmu bai kai mu can ba.

Sai muka koma intanet. Babbar kasuwar faifai ta duniya ita ce Discogs, wadda aka kafa a 2000. Rumbun bayanai ce kuma kasuwa: za ka ga hoton kwalin faifai, da lambarsa, da jerin waƙoƙinsa, da masu sayarwa in akwai. Akwai kuma eBay, inda wani lokaci gwanjo ake yi, da Bandcamp, inda kamfanoni ke sayar da sababbin bugu. Ga abin da muka koya a can. Kamfanonin da ba su damu da ƙugiyar haruffanmu ba, don haka ka rubuta Dan Maraya ko Dan Kwairo, kuma ka gwada rubutun suna ta fuska biyu ko uku. Masu sayarwa suna auna lafiyar faifai da haruffa: NM kusan sabo ne, VG+ an mora amma yana da kyau, G kuwa ya sha wuya. Ka duba shaidar da masu saye suka yi wa mai kaya. Kuma ka tambayi kuɗin aikowa kafin ka yi murna da farashi, domin da dala ko fam ko yuro ake biya, kuma sau da yawa kuɗin kawowa Najeriya yana kamo kuɗin faifan, ko ya wuce shi.

A can muka ga abin mamaki. Abin da muke rufe randa da shi, wasu layi suke bi su saya. A Amurka, a 2022, yawan faifan garmaho da aka sayar ya zarce na CD, karo na farko tun 1987. Kamfanin BBE na Landan ya sake buga tsofaffin ayyukan Tabansi. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara waƙoƙin finafinan Hausa ya buga su a faifai a 2013 da sunan Harafin So. Wani faifan Shata da muka gani a hannun wani ɗan kasuwa a Turai, ba irin na Baba ba ne, kuma da aka haɗa da kuɗin aikowa ya fi ƙarfinmu mu ukun.

Bayan wata biyu muka haƙura, muka koma Wurno da lanƙwasasshen faifai, da Ɗan Marayan Goronyo, da 'yan kuɗin da muka harhaɗa. Muka durƙusa muka faɗi gaskiya. Baba ya juya faifan a hannunsa ya daɗe bai ce komai ba. Ba za mu ɓoye muku ba, ransa ya ɓaci, kuma ya nuna mana. Ya ture kuɗin ya ce, "Ko kun samo wani, ba shi na ba. Wanga Kano nis sawo shi, shekarad da anka kashe Murtala."

Daga nan bakinsa ya buɗe. A 1976 ya je ci-rani, kuɗin da ya tara don sayen keke su ya kashe a kan na'ura da wannan faifai. Amaryarsa ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba. Ya gaya mana yadda ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan isha'i, yadda ake hana yara matsowa kada su girgiza allura, yadda ake karo-karon kuɗin batir, da yadda shi kaɗai ke da ikon juya faifai in gefe ɗaya ya ƙare. Muka nemi izini muka ɗauki muryarsa a waya, kusan awa biyu. Da ya gama ya mayar da faifan cikin kwalinsa, ya naɗe shi da sauran goman kamar babu abin da ya same shi. Ɗan Marayan kuwa ya karɓa. Bai sake ba mu aron komai ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Abokinmu ya sake rubuta babinsa daga farko. Yanzu akwai batir a ciki, akwai amarya mai fushi.

'Yan uwa, in kuna neman faifai, ga inda yawonmu ya tsaya. Intanet za ta nuna muku abin da aka taɓa bugawa, ta kuma sayar muku in kuna da hali. Masu gyaran rediyo za su ba ku abin da ya rage da araha. Amma babban shagon yana ƙarƙashin gadon kakanninmu, kuma kullum raguwa yake yi. In kun samu, kada ku fara da ciniki. Ku zauna a ba ku labari, ku ɗauki hoton kwali da takardar tsakiya, ku rubuta lambar. In an ba ku, ku ajiye shi a tsaye cikin inuwa, kada ku jibga wani abu a kansa, kada ku bar shi a mota ko a kan babur. In ya fi ƙarfin ajiyarku, ku tuntuɓi wuraren adana tarihi irin su gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato ko Arewa House a Kaduna. Wanda kuma ke son sanin su wane ne makaɗan nan, irin su Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo, ya nemi littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, Makaɗa da Mawaƙan Hausa.

Roƙonmu a wannan mako ɗaya ne: kowa ya tambayi tsoho ɗaya a gidansu ko unguwarsu ko yana da faifai, ya zo ya gaya mana abin da ya gani da abin da ya ji. Wanda kuma ya ci karo da babban faifan Shata bugun EMI mai lafiya, don Allah ya tuna da mu. Baba ya ce ba zai zama nasa ba, amma har yanzu muna jin bashin a wuyanmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.